Ɗan Maƙera da Murhun Falo

"Lafiya lau, Hajiya, sanyi da godiya. Ina maƙerin nawa? A ce masa ubangidansa ya iso, ya zo ya karɓi takalmi."

Muryar Kawu Alhousseini ce daga bakin ƙofa. Buzu ne mutumin Agadas, direban babbar mota, aminin Baba tun farkon zuwansu Greensboro. Baba kuwa ɗan maƙeran Ɗambatta ne, kuma tsakanin Buzu da maƙeri babu gaisuwa sai tsiya. Kowanne cewa yake ɗayan bawansa ne. A ƙasar nan kalmar tana da nauyi, shi ya sa ba sa faɗinta sai da Hausa, kuma sai sun waiga sun ga babu maƙwabci kusa.

Da bazara muka tashi daga ɗan gidan hayarmu na Glenwood, muka koma wani tsohon gida a hanyar Summerfield. Ranar da muka je gani Baba bai leƙa kicin ba, bai leƙa ɗakunan kwana ba. Murhun jan bulo da ke falo ya gani, ya ce nan za mu zauna. Tun da ya baro gida bai taɓa hura wuta a ɗakin kansa ba, sai hita mai busa iskar da ba ta da ƙamshin komai. Ya rataye awartakin mahaifinsa a gefen murhun, ya zauna jiran sanyi. Ranar Asabar ɗin nan sanyin ya iso, ya ce bayan la'asar zai kunna.

Sai dai babu wanda ya san rabon da a share bututun hayaƙin murhun. Duk lokacin zafi, in ina karatu a falo, ina jin tsattsewa na kuka a cikinsa. Itacen da Baba ya tara kuma na bishiyar da guguwa ta kayar a bayan gida ne kwanan baya, har yanzu ƙaro yake zubarwa. Mama ta taɓa cewa a kira mai shara ya duba. Baba ya ce ba a koya wa ɗan maƙera wuta. Ni kuwa ko a aji ban cika ɗaga hannu ba, balle gaban Baba. Abin da na iya shi ne na kira Kawu da safe, na daɗe ina gaishe shi kafin na faɗi abin da ke tafe da ni.

Baba yana durƙushe gaban murhu yana jera itace. Ko juyowa bai yi ba.

"Wa ya bar ƙofa a buɗe har maigadi ya shigo falo?"

"Maigadi ya ji za a ƙona gidan, ya zo kwashe tabarmarsa."

"Nemi wuri ka zauna. Yau za ka ji ɗumin da ba na kashin raƙumi ba."

Kawu ya gyara rawaninsa, ya sunkuya ya ɗauki guntun itace ɗaya. Ya shinshina, ya matsa, ya nuna wa Baba yatsunsa da suka manne da juna.

"Wannan itace ne ko rake? Ba Hajiya ta tatse mana mu sha."

"Ji mutumin da ya tashi inda bishiya ɗaya ke da suna a taswira. Yaushe ka san itace?"

"Mu da ba mu da shi mu muka san darajarsa. Bon, to saurara in ba ka karatu kyauta. Ɗanyen itace hayaƙi yake haifa. Hayaƙi ya haifi kunkunniya. Kunkunniya ta kwanta a bututu, ta yi ƙiba, tana jiran ranar aurenta da wuta. Ranar bikin kuwa motocin kashe gobara ne 'yan kai amarya."

Baba ya ce wa'azin Buzu a kan wuta kamar kaza ce ke koya wa agwagwa iyo. Ya ce su wuta baiwarsu ce tun kaka da kakanni. Ya ba da labarin baffansa da ke lasar jan ƙarfe ranar wasan maƙera kamar mai lasar alewa, da wani kakansa da ya taɓa yin barcin rana a kan garwashi har aka tashe shi sallar la'asar. Duk shekara barcin kakan nan ƙara tsawo yake yi. Bara da azahar aka tashe shi.

"Na yarda," in ji Kawu. "Wuta ba ta cin maƙeri. Ita ma tana da ƙyanƙyami. To Hajiya fa? 'Yar malamai ce, babu ruwanta da ƙira. Labulen nan shi ma jikan maƙera ne? Gidan katako kake ciki, malam, ba soron ƙasa ba. Amma yi abinka. Kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke tsada."

Daga kicin na ji Mama ta daina yanka albasa.

Baba ya juyo a karon farko, yana murmushin wanda ya tuna inda ya ɓoye makami.

"Ilham, kin san labarin garejin kawunki?"

Na ce ban sani ba, ko da yake duk Hausawan garin sun sani. Kawu yana da ɗan murhun waya na dafa shayi, wanda yake kira furno. Sanyin bara ya shige gareji da shi, ya sauke ƙofa, ya toshe ƙasanta da tsumma, ya hura gawayi. Ba a kai ga kofi na biyu ba matarsa Anti Hindou ta same shi jingine da taya, kansa na sarawa, yana kiran motarsa da sunan raƙumar babansa. Da ta buɗe ƙofa iska ta buge shi, sai ya ce laifin ganyen shayin ne.

"Ganyen ba shi da kyau," in ji Kawu, yana jan rawani har kan hanci.

"Ka ji. Mutumin da gawayi cikin tafin hannu ya kayar, shi ne zai yi mini limancin wuta."

"Wanda maciji ya sara ai shi ke gudun igiya. Gemuna ya kama, na zo in ce ka shafa wa naka ruwa, in ka ga dama."

"Gemun maƙeri ba ya kamawa."

"Saboda ba ya fitowa."

Baba ya shafa haɓarsa, ya ɗauki ashana daga kan murhu. Na dubi Kawu, shi kuwa ya miƙe ƙafa a kujera kamar wanda ya zo hira.

"Kunna," ya ce. "Dama ni ina da shakka. Na haɗu da wani mutumin Ɗambatta a masallaci, ya ce kai ba ka taɓa ƙira ba. Goro ake aikenka saya."

Ashanar ta tsaya a hannun Baba. Ya ajiye ta, ya miƙe, ya sauko da awartakin daga ƙusa.

"Ni? Wannan hannun?"

Daga nan bai ƙara kallon Kawu ba, awartakin yake kallo. Ya ce maƙerarsu rumfa ce a gindin tsamiya, bakin hanyar kasuwa. Da sanyi tun da sassafe yake fita, ƙafa duk faso, ya tarar da matan unguwa sun jeru da kasko suna jiran ɗibar wuta, domin ba a hura wuta a unguwar sai tasu ta kama. Ya ce yara kan binne dankali a toka su tafi makarantar allo, su dawo su yi ta faɗa a kan na wane ne babba. Ya ce tsohonsa ba ya karɓar kowane gawayi sai na ƙirya, shi ma sai ya ƙwanƙwasa ya ji yana ƙara kamar ƙarfe. In ɗanye aka kawo, ko kallon buhun ba ya yi.

Ban taɓa jin wannan ba. Mu labarin kakan da ke barci a garwashi kawai ake ba mu.

"Kuma ni ne ɗan zuga," in ji Baba. "Kafin a sa ko ƙwayar garwashi, sai na zura tsinken ƙarfe a bututun zuga-zugi na share shi tas, don zanzaro kan yi ɗaki a ciki. Kullum ta Allah. Tsoho yakan ce wuta mai rai ce. In ka toshe mata hanci, da naka za ta yi numfa..."

Bai ƙarasa ba.

Na ɗauka Kawu zai yi tsalle ya yi shewa. Bai yi ba. Ya sauke rawanin daga hanci, ya ce Allah ya jiƙan tsoho, ya sa ya huta. Muka ce amin, har Mama daga kicin. Sannan ya tambaya, a hankali kamar mai tambayar hanya, ko rumfar maƙerar tana da bango.

"Ba ta da."

"To. Tsakanin zanzaro da tsattsewa, wa ya fi girman ɗaki?"

Baba ya yi gyaran murya. Ya ce dama yana da niyyar dubawa, surutun Buzu ne ya ɗauke masa hankali. Ya ce in kawo tocila. Ya kwashe itacen da ya jera, ya kwanta rigingine da farar hularsa, ya tura kai cikin murhun. A maƙogwaron bututun akwai wani murfin ƙarfe da ake buɗewa kafin a kunna wuta. Ya ja, ya ƙi. Ya sa awartakin mahaifinsa ya murɗa.

Abin da ya zubo sai da ya ɗauki lokaci yana zubowa. Baƙin gari, ƙiraruwa, busassun ganye, gashin tsuntsu. Baba ya fito yana tari, babu abin da ake gani a fuskarsa sai idanu.

"Alhamdu lillahi," in ji Kawu. "Yau na yarda. Ga kamannin kakanninka sun fito."

Mama ta leƙo, ta koma da sauri, muka ji dariyarta ta ƙwace a bayan ƙofa. Ni na sunkuyar da kai ina kallon kafet.

Baba bai yi dariya ba tukuna. Ya sake haska tocila sama, ya daɗe yana kallo. Ya ce in zo in gani. Bangon bututun baƙi ƙirin, yana ƙyalli kamar sabuwar kwalta. Ya kankaro kaɗan da bakin awartaki, ya murza a yatsa, ya shinshina.

"Wannan gawayi ne da kansa," ya ce, ba da kowa ba. "In ya kama, daga sama zai ci."

Ya zauna a bakin murhun, ya cire hular ya kakkaɓe ta a gwiwa. Na ga yadda yake kallon itacen da ya fasa da hannunsa, ya jera, ya ƙirga kwanakin sanyi a kansa. Kawu ma ya gani. Ya tashi ya buɗe labule, ya nuna 'yar motarsa ta ɗaukar kaya a waje. Bayanta cike da busasshen itace mai nauyi, wanda ya shekara a rumfa. A kai akwai bokitin ƙarfe mai murfi na zuba toka, don kada maƙeri ya kwashe ta a kwali, in ji shi. Ya zaro wata ƙararrawa mai jin iskar gawayi daga aljihun rigarsa ya ajiye a tebur, tare da takarda mai lambar wayar wani Nathan mai share bututu.

"Ubangida na gari ba ya barin bawansa da ɗanyen itace. Naka ka jera shi a waje, ka rufe samansa, baɗi ya yi hankali."

"Gaisuwa ce talaka ya kawo fada," in ji Baba. "An karɓa. Amma ƙararrawar nan ba zan rataya ba sai na ga 'yar'uwarta a gidanka. Furno kuma ya yi sallama da gareji, ko in kai ƙararka wurin Hindou."

"Kai ni wurin alƙali, kada ka kai ni wurin Hindou. Na ji, na bi."

Shayin ranar a tsakar bayan gida aka dafa shi, cikin sanyi, kowa da bargonsa. Kawu ya fito da furno daga mota ya ajiye nesa da bango. Baba ya ture hannunsa, ya ce ba a ba Buzu wuta. Ya ɗauki gawayin ɗaya bayan ɗaya da awartakin, yana ƙwanƙwasa kowanne kusa da kunne kafin ya jera. Ya durƙusa ya hura, a hankali, da dogon numfashi, har jan ya bi ta ko'ina. Fuskarsa ba ta gama fita ba, amma na daɗe ban gan ta haka ba.

"Wala, shi ke nan," in ji Kawu, yana kurɓar kumfa. "Duniya ta koma daidai. Maƙeri na hura wa ubangidansa wuta."

Sai a nan Baba ya yi dariya, har da tari. Ya ɗauki takardar lambar ya miƙo mini.

"Ilham, kira Nathan ɗin nan ya zo ranar Litinin. Kada ki ce masa mai gida ya kasa. Ki ce maƙeri ne ke neman ɗan zuga."

Na karɓa. Bai saki takardar nan da nan ba.

"Ke za ki kira," ya ce. "Na lura kin iya kiran waya da safe."

Na ja bargo har kan hanci. Kawu ya dube ni, ya dubi rawaninsa, ya ce wa Baba ai yarinyar nan tun asali tasu ce, Buzaye.