Samosar Purim

A shekarar da ƙaramar hukuma ta rage kuɗin laburaren unguwarmu a Levenshulme, ƙungiyarmu ta masu saƙa ta yanke shawarar yin kayan wasan yara mu sayar, don kada a rufe shi. Shugabarmu, wata dattijuwa Bayahudiya, ta ce a saƙa irin cincin mai kusurwa uku da suke ci a bikinsu na Purim. Ta miƙo mini takardar da ke nuna yadda ake yi.

Na mayar mata cikin ladabi. Ni da na shekara goma ina saƙa hulunan jarirai a Kano, takarda ce za ta koya mini kusurwa uku?

"Na san abin nan," na ce mata. "Duk azumi muna yi."

Mako biyu na yi ina aiki. Na rufe kowace ɗaya ruf, na ƙawata bakinta da koren wake da jan attarugu na ulu, har da 'yar albasa.

Ranar sayarwa na jera su a gaban shugabarmu da iyalanta. Ta ɗauki ɗaya, ta juya ta, ta gyara tabarau. Ashe nasu a buɗe yake a tsakiya, da jam na 'ya'yan itace a ciki. Jikarta ce ta fara magana: "Grandma, wannan ai samosa ce."

'Yan Pakistan ɗin unguwa suka saye su tas kafin azahar.

Labarin ya kai Small Heath wajen yayata. Har yau, in ta kira ni, bayan gaisuwa sai ta ce, "Gwana, bana me za ki saƙa wa Yahudawa, ƙosai?"