Gabas Ɗinmu da Gabas Ɗin Hukuma

Ko da zan manta da ranar aurena, ba zan taɓa mantawa da safiyar da na yi musu da rana a gaban mutane ba. Rana dai, wannan ta sama.

Babana simsar ne, wato dillalin filaye da gidaje, a ƙauyenmu na Hausawa da ke kusa da Madani, birnin masu jin Larabci a bakin kogin Nilu. Tun kafin a haife ni yake wannan sana'a da baki kawai da shaidu. Sai hukuma ta zo ta ce babu mai shiga cinikin fili sai mai ruksa, wato lasisi, ruksa kuma sai an ci jarrabawa. Baba ido ya yi rauni, Larabcinsa na kasuwa ne ba na takarda ba, yayyena maza kuwa suna gona. Ko dai wani a gidan ya samo ruksar, ko sana'ar ta bar gidanmu ke nan. Na ce ni zan yi. Aka yi ta dariya a tsakar gida, har da ƙanwar Baba da ta ce mace da igiyar awo ba ta taɓa gani ba. Dariyar nan ce ta sa na ƙara ɗaure gyale.

Kullum nakan hau hafila, wato motar haya, zuwa Madani, inda wani Ustaz yake shirya masu neman ruksa. Ni kaɗai ce mace, ni kaɗai ce Bahaushiya, saboda haka na ƙudurta babu wanda zai riga ni ɗaga hannu. Na haddace bambancin filin mallaka da na haya daga gwamnati, na haddace haƙƙin maƙwabci idan za a sayar da gida, har a mafarki ina raba gado. (Gaskiya na ɗan yi rawar kai. Na taɓa gyara wa Ustaz lissafi, na kuma waiga don in tabbata kowa ya ji.)

Da jarrabawa ta matso, Ustaz ya kwashe mu da safe zuwa wani fili a bayan gari don gwaji. Aikin mai sauƙi ne: ka tsaya a tsakiya, ka faɗi iyakokin filin huɗu da inda ƙofarsa take kallo. A nan ƙasar ba wasa ba ne, domin gidan da ke kallon arewa iska yake sha, masu saye shi suke bi. Ya ce wa zai fara. Kafin ya rufe baki na isa tsakiyar filin.

Na duba, sai ga ɗan masallaci a gefe, alƙiblarsa ta karkata wajen babban titi. Na ce a raina an gama. Mu a gida in za ka yi salla cewa ake ka dubi gabas, in aka kwantar da mamaci gabas yake kallo, Baba ma da masallaci yake fara kwatancen kowane fili. Na buɗe murya da Larabci mai daɗi na ce titi yana sharƙ, wato gabas. Daga nan na bi sauran da ɗaiɗai, na ajiye kogin Nilu, da muke kira bahar, a kudu, na ce ƙofar fili gabas take kallo.

Ustaz ya cire tabarau ya ce, “Ya ustaza, wa ya ɗauke mana bahar ya kai shi kudu?”

Da mai hankali ce da ta tsaya a nan. Ni kuwa na ce bahar yana inda yake. Wani ɗan ajinmu ya miƙo wayarsa mai nuna kusurwa, allurar tana cewa titi arewa ne. Na ce wayarsa ta lalace. Na biyu ya miƙo tasa, na ce ai kamfani ɗaya ne. Na nuna masallaci na ce, “To duk masu salla a nan arewa suke kallo ke nan?”

Ustaz bai yi fushi ba, da ma ya yi. A hankali ya ce, “Tamam. Yanzu nuna mana rana.”

Jama'a, ina kallon titi, rana tana dukan kuncina na dama. Ga ta can ta taso daga kan kogi, daga “kuduna”, ƙatuwa, ko kunya ba ta ji. Na ɗaga yatsa ya tsaya a hanya. Dariya ta fashe har mai shayin bakin titi da bai san zancen ba ya taya su. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, na ji haushi kuma, don har a lokacin wani abu a ƙirjina yana cewa ni ce da gaskiya. Kafin mu koma aji an raɗa mini suna Sittu Sharƙ, wato Uwargida Gabas.

Na iso gida ina huci. Baba yana kan tabarma, ya ce, “Ke ɗiyata, mi yaf faru?” Na kwashe duka na faɗa masa, na ce gabas tasa ta kunyata ni. Ya yi dariya har da tari.

“To ai gabas ta Sakkwato ce,” ya ce. “Can in kin dubi Makka kin dubi mafitar rana. Kakanninmu sunka yi ta tahiya gabas, sunka zamna nan, Makka ta zame wajen arewa, su ko ba su sake mata suna ba. Ni da mai saye da mai saidawa duk gabas guda muka sani, shi ya sa ba a taɓa ƙarata ba.”

Na ce, “Ai ni an yi ƙarata yau, Baba.”

Ya ce in abin ya yi nauyi in bari, halas, wato shi ke nan, sana'a ba ta fi mutunci ba. Wannan maganar ta fi dariyar ƙona mini rai. Tsohon nan ya yarda ya rasa abin da ya yi rayuwarsa a kai don kada a sake yi mini dariya. Washegari na hau hafilar farko, a aji na zauna a kujerar gaba. Da 'yan ajinmu suka ce “Sittu Sharƙ ta iso”, na ce na'am, na kuma ce su ajiye sunan da kyau don a jikin allon shagona za su karanta shi.

Na ci jarrabawar. Ruksa tana rataye a shagon Baba, yana zaune a ƙarƙashinta yana karɓar gaisuwa kamar shi ya rubuta. Abin da na koya shi ne kafin ka yi rantsuwa a kan kusurwa, ka ɗan ɗaga kai sama. Amma ban yarda kakannina sun yi kuskure ba, kuma ba zan yarda ba.

Kwanan baya wani dattijo ya zo ya ce yana son gida mai kallon gabas. Na ce, “Wace gabas, Baffa?”

Ya ce, “Gabas nawa ta?”

Na ce, “Biyu. Ta takarda, da wadda munka taho da ita.”