Shuɗin Yatsu Ba Lokacin Zaɓe Ba

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe mini komai, da makon da aka koma makaranta a shekarata ta bakwai ina hedimasta a wani ƙauye tsakanin Gwashi da Nasarawa Burkullu. Ba zan faɗi sunan garin ba, don har gobe akwai masu ba da labarin nan a bakin kasuwa, kuma ba na son in ƙara musu gishiri.

Bari in fara da halina, tunda shi ne mai laifin. Ni mutum ne mai zargi. In mutum biyu suka yi dariya a bayana, to da ni suke. In aka gaishe ni da fara'ar da ta fi ta jiya, sai in kama tunanin me ake nema a wurina. Inna, Allah ya jiƙanta, ta sha faɗin cewa tun ina yaro ba na shan fura sai na sa ludayi na bincike gindin ƙwarya.

Makarantar nan kuwa ita ce raina. Na same ta awaki na kwana a aji, na bar zufata a kowane bango nata. Lokacin kuma shi ne lokacin da haƙar zinari ta haukata ƙasarmu, 'yan shekaru bayan gubar dalma ta yi ɓarna a Yargalma. Yara su ajiye allo da littafi su tafi ramuka, ni kuma in hau babur in bi su in kwaso su, iyayensu na harara ta. Da wasu suka kafa injin niƙa dutse dab da rijiyar makaranta, na tsaya kai da fata sai da aka ɗauke shi. An gaya mini maganganu a kan wannan, na mayar da waɗanda suka fi su. Saboda haka a lissafina rabin garin maƙiyana ne, sauran rabin kuma ban gama tantance su ba.

Ga shi kowa ya sani, farkon shekarar karatu ne ake fitar da sunayen waɗanda aka yi wa canjin wurin aiki daga ofishin ilimi na Bukkuyum. Kuma ba abin da ke tsige hedimasta da sauri kamar takardar koke daga mutanen gari. Mutanenmu yawancinsu ba sa sa hannu da biro, dangwala yatsa suke yi. Abin da na fi tsoro a duniya ke nan, a raba ni da makarantar nan.

Saura kwana biyar a buɗe makaranta, bayan sallar la'asar, na miƙa wa Liman hannu, sai na ga babban yatsansa shuɗi.

Na ce, "Allah gafarta Malam, mi ya samu yatsanka?"

Ya yi wuf ya tura hannun cikin aljihu. "Ba komi, Malam Babba. Wani ɗan aiki na."

Ɗan aiki! Na tsaya a bakin masallaci ina gaisawa da mutane kamar mai neman kansila, ba don zumunci ba, yatsu nake dubawa. Mahauci, shuɗi. Mai shayi, shuɗi. Har mai injin nan da muka yi tsiya da shi, yatsansa shuɗi shar, kuma ya riƙe hannuna ya daɗe yana murmushi (wannan murmushin shi ya fi komai tayar mini da hankali). Ba zaɓe ake yi ba, ba rabon taki ake yi ba. Me gari guda ke dangwalawa ban sani ba?

Daga nan ofis na zarce. Na jawo durowa, ɗan akwatin tawadar da nake buga hatimi da ita ba ya nan. Mabuɗin ofis kuwa biyu ne, ɗaya a wurina, ɗaya a wurin mataimakina Malam Bala. Malam Bala da na ɗauko yana ɗan sabon malami, na koya masa cika rajista, na tsaya masa a aurensa! Wato da tawadata ake rubuta korata. Na zauna a kan kujera ina huci ni kaɗai, ina tuno duk ranar da ya ce mini, "Yallaɓai, ka huta, ni zan yi." Ashe kujerar yake gwadawa.

Na isa gida, maiɗakina Hajara ta kawo mini ruwa. Na kalli hannun da ya riƙe kofin. Jama'a, shuɗi.

"Hajara, wannan fa?"

"Bula ta, Malam. Wanki na yi."

Bula! Shekara ashirin ina ganin bula a gidan nan, ban taɓa ganin wadda ke kama yatsa ɗaya ta ƙyale sauran ba. Na ƙyale ta. Sai ranar Juma'a na nemi farar babbar rigata, sama ko ƙasa. Na tambaye ta, ta ce tana wurin wanki. Na ce ba ke kika ce kin yi wanki ba? Sai ta toshe baki da gefen mayafi ta shige ɗaki, kafaɗunta na rawa. Dariya take yi.

To, kowa a ƙasarmu ya san abin da ake yi da rigar mutum in ta ɓace ba dalili. Zufar jikinsa ake nema, a kai wa masu aikin dare da rana, a sa ya ji garin ya fita ransa. (Ni da ke koya wa yara kimiyya, ina gaya musu ciwo daga ƙazanta yake zuwa. A ranar duk kimiyyar ta gudu ta bar ni.) Na daina cin tuwon gidana sai na ga Hajara ta fara kai loma. Na tofa duk addu'ar da na haddace, har wadda ake yi wa jariri.

Ranar Asabar na yanke shawarar da a lokacin na ɗauka ta maza ce. Na ce kafin su kore ni, ni zan kori kaina, in fita da mutuncina. Na zauna na rubuta wa sakataren ilimi takarda, na ce saboda wasu dalilai na ƙashin kaina ina roƙon a mayar da ni ko'ina ne, da gaggawa. Na ja layi biyu a ƙarƙashin "da gaggawa". Na hau babur na bi hanyar nan tamu mai laka, ƙarshen damina, na faɗi sau ɗaya a kwazazzabo, na tashi na ci gaba. Ofis a rufe, na bi sakatare har gida, ban same shi ba, na bar takardar a hannun ƙanensa na ce amana ce. Na dawo ina jin kaina kamar wanda ya ci yaƙi.

Litinin aka buɗe makaranta. Yara na shara, ni ina tsaye ina kallon itatuwan da na dasa kamar mai bankwana da gawa, sai ga Malam Bala.

"Yallaɓai, iyaye na son ganawa da kai bayan taron safe."

Na dube shi sama da ƙasa na ce, "Na sani, Bala. Na daɗe da sani."

Ya yi turus. "Wa ya gaya maka?"

Na ce, "Allah ba ya barci." Na wuce na bar shi tsaye.

Kafin hantsi an shimfiɗa tabarmi a inuwa, an jera kujeru. Ga Maigari, ga Liman, ga mata can gefe har da Hajara, ga motar sakatare ta tsaya duk laka. Na ce a raina, lallai, har mai yanka sun gayyato. Baba Ɗanjuma, tsohon da ke shugabancin kwamitin iyaye, ya miƙe da doguwar takarda a hannu, daga inda nake ina hango yatsu a jere kamar sawun kaji. Ya yi salati, ya gyara murya, ya ce, "Jama'a, abin da ya tara mu yau, Malam Babba na. Shekara bakwai muna kallon shi, mun yi shiru. Yau shirun ya ƙare."

Ban san lokacin da na tashi ba.

Na ce, "Baba, dakata! Ba sai kun wahalar da kanku ba. Duk abin da ke cikin takardar nan na san shi, kuma da bakina za a ji shi, ba da bakin munafukai ba."

Wuri ya yi tsit. Ni kuwa na ɗauka tsoro ne ya kama su, sai na ƙara wuta.

"Kwanon rufi biyu da iska ta yaye daga aji huɗu, e, ni na ɗauka! Suna kan garken awakina, ku je ku gani. Ranar kasuwar Nasarawa da ake tashin yara da wuri ana cewa taron malamai, ba wani taro, kasuwa nake zuwa. Ku rubuta, in ba ku rubuta ba! Amma kai Bala, in kujera kake so, da ka tambaye ni. Wanda kuma ya ɗauki rigata ya kai inda ya kai, har da haɗin bakin na cikin gidana, ban yafe ba!"

Na tsaya ina haki. Malam Bala ya buɗe baki ya kasa rufewa. Hajara ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya.

Baba Ɗanjuma ya dube ni a tsanake ya ce, "Malam Babba, ka ƙare?"

Na ce, "Na ƙare."

"To zamna, mu ma mu yi tamu."

Ya miƙa wa Malam Bala takardar ya ce ya karanta. Ya fara karantawa. Mu mutanen gari kaza, maza da mata, muna godiya ga hedimastanmu. Ya bi 'ya'yanmu har bakin rami ya dawo da su. Ya raba rijiyarsu da ƙurar dutse lokacin da mu kanmu ba mu gane ba. Mun ji ana shirin canje-canje, muna roƙon hukuma ta bar mana shi. Ga yatsunmu shaida.

Wallahi da ƙasa ta tsage a lokacin, da godiya zan shiga. Kunnuwana suka yi zafi, na nemi inda zan ajiye idona na rasa.

Sai mai injin nan, shi da kansa, ya taso da ƙunshi ya kwance. Sabuwar babbar riga ta shadda, ruwan ƙasa, an yi mata aiki har ciki, ɗinkin wani tela na Gummi. A ƙarƙashinta ga tsohuwar farar rigata a ninke, an wanke an goge. Ita aka kai wa tela ya ɗauki awo, don kada in gane. Ya ce, "Malam, ɗiyana biyu na shan ruwan rijiyar ga. Na yi fushi da kai, amma ka fi ni gaskiya."

Aka zura mini rigar ina tsaye kamar gunki. Ana gyara mini hannu sai Maigari ya leƙo ya ce, "Malam Babba, kwanon nan, guda nawa ka ce?"

Abin da ake jira ke nan. Dariya ta ɓarke, Liman har da riƙe ciki, mata na guɗa, yara da ba su san me ake ciki ba suna tafi. Ni ma na washe baki, hawaye na zuba. Na kama hannun Malam Bala na ce ya yafe mini, ya ce ba komai, amma bai dube ni ba.

Na ɗauka kunyar ta ƙare a nan. Da za a watse, sakatare ya yafito ni gefen mota, ya rage murya.

"Malam, ka sa ni cikin wani hali. Sunanka na cikin waɗanda za a canza tun farko. Da kwafin takardar mutanen nan ya zo ranar Alhamis, na cire shi da hannuna. Sai ga taka ranar Asabar, har da jan layi. Na ce ba a riƙe mutum inda ba ya so, na mayar. Yau da sassafe aka sa hannu, an riga an tura sama."

Na ce, "Ranka shi daɗe, ba a iya janyewa?"

Ya girgiza kai. "Sai dai baɗi, in da rabo. Malam Bala zai riƙe makarantar. Ni ban iya gaya musu ba, ganin yadda suka yi murna. Kai za ka gaya musu."

Haka na koma cikin taron nan, sanye da rigarsu, ana ta yi mini barka, na tsaya gaban Baba Ɗanjuma na gaya masa abin da na aikata. Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Tsohon ya ce, "Ashe mu muna roƙon a bar muna kai, kai kana roƙon a raba ka da mu." Ban taɓa jin maganar da ta yi mini ciwo kamar wannan ba, kuma ba da faɗa ya yi ta ba.

Sati biyu bayan nan na ɗaure kayana zuwa wata makaranta can wajen iyakar Anka, inda ba wanda ya san ni balle ya ƙulla mini wani abu. Baɗin ta zo ta wuce, ba a mayar da ni ba, kuma in faɗi gaskiya Malam Bala ya riƙe wurin fiye da yadda na so ya iya. Hajara kuwa ta yi wata guda in ta kawo mini abinci sai ta ce, "In fara ci, ko ka yarda da ni yau?"

Ba zan ce na daina zargi ba, ƙarya ba kyau. Amma na koyi abu ɗaya, kuma da tsada na saye shi. In mutane suka taru saboda ni, ko wuƙa na gani a hannunsu, ina zaune, bakina a rufe, sai sun gama magana.