Ranar da Farfesa Makulli Ya Feɗe Marigayi

Wanda bai taɓa ganin Farfesa Makulli yana ratsa farfajiyar makaranta ba, bai san yadda ilimi yake tafiya da ƙafa biyu ba. Ƙirji a gaba, alƙalami huɗu a aljihu, tabarau a saman goshi inda ba zai tare masa gani ba. Ba wata jami'a da ta ba shi farfesa. Ɗalibai ne suka laƙaba masa, shi kuma saboda tsabar tawali'u bai ƙi ba. Makullin kuwa na kabad ɗin ɗakin gwaje-gwaje ne, shekara goma sha ɗaya yana lilo a ƙugunsa.

A cikin kabad ɗin nan dukiyar makaranta take: mutum-mutumin roba daga kai zuwa ƙugu, wanda ake buɗe cikinsa a ciro huhu da hanta da hanji ɗaya bayan ɗaya. Yara suna kiransa Marigayi. Malamar da ke koyar da darasin jikin ɗan Adam ta roƙi aronsa har ta gaji, ta koma zana ƙoda a allo, yara suna rantsuwa wake ta zana. Farfesa ya ce kayan kimiyya ba na wasa ba ne. Mutum ɗaya tak yake miƙa wa makullin, duk Asabar: Inna mai shara, don ta goge ƙura. Ita ai ba ta san abin da take taɓawa ba, saboda haka babu haɗari.

Shi ba ya buƙatar roba, da baki yake feɗe mutum.

"Jiki ma'aikata ce," yakan ce. "Zuciya lebura ce, tana ta tura jini ba hutu. Huhu masinja ne, ya shigo da iska ya fita da iska. Ciki da hanji 'yan kicin ne. Ƙoda kuwa," sai ya yatsine fuska, "masu shara, su tace datti su zubar. Amma ƙwaƙwalwa!" Nan sai ya dafa goshi. "Tana ofishin sama. Ba ta ɗaukar kaya, umarni take aikawa ta jijiyoyi. Kowace ma'aikata da ƙwaƙwalwarta. Ta wannan makarantar, kunya ba za ta bar ni in faɗa ba."

Sai ga takarda daga ma'aikatar ilimi: wata jami'a za ta zo ta duba ko makarantar ta isa buɗe sashen kimiyya, kuma ita za ta faɗi wanda zai shugabance shi. Tun kafin a gama karanta takardar Farfesa ya je wurin kafinta. Aka sassaƙa masa allon ƙofa, Shugaban Sashen Kimiyya, ya ɓoye a ƙarƙashin teburinsa, yana leƙa shi sau uku a rana.

Ranar ta zo. Aka cika aji da ɗalibai, Malama ta raɓe a baya, Farfesa ya ɗora Marigayi a tebur. Niyyarsa ya nuna komai daga waje da tsinin sanda. Jami'ar, wata mai ƙarancin magana da yawan rubutu, ta ce, "Buɗe mana shi."

Ya buɗe. A faɗi gaskiya, wajen cirewa ba a taɓa ganin gwani irinsa ba. Ya fizgo huhu, ya zaro hanji, ya ɗaga hanta sama ya gabatar da ita a matsayin ciki. Malama ta yi tari. Da ya zo kan ƙwaƙwalwa sai ya ciro ta da hannu biyu, ya dubi tarin da ke kan tebur, ya ga bai dace shugaba ta zauna cikin leburori ba, ya sa ta a aljihun riga.

"Madalla," in ji jami'ar. "To, mayar da su."

A nan ilimi ya fara zufa. Ya cusa hanta a hagu, ta ƙi. Ya ɗora ƙoda a gaba, kan hanji. Ya juya huhu ƙasa a sama. Da ya gama, zuciya na hannunsa ba ta da masauki. Ya kawo murfin ƙirji ya danna, ya sa gwiwa ya ƙara dannawa, hanji ya yi tsalle ya faɗa ƙarƙashin kujerar baƙuwa.

"Ranki ya daɗe," ya ce yana haki, "kamfanin da ya ƙera wannan abu bai san jikin mutum ba. Zan rubuta musu."

"Malam, za ka karya masa haƙarƙari!"

Inna mai shara ce a bakin ƙofa, da bokiti a hannu. Ta ajiye, ta goge hannu a zani, ta zazzage duk abin da ya cusa.

"Ƙoda ne farko, can baya suke kwana. Ka raina su, amma in suka yi yajin aiki kwana kaɗan, dattin jini har ofishin sama zai kai. Hanta a dama, ita ke tace abin da hanji ya tsotso daga abinci. Ciki a hagu. Zuciya kuma tsakanin huhu biyu, don ta aika musu jini ya sha iska, ya dawo, ta raba wa kowa. Ba wanda ke ci shi kaɗai a gidan nan."

Murfi ya rufu, ƙyas. Jami'ar ta ajiye alƙalami ta tambaye ta inda ta koya.

"Ai duk Asabar in na buɗe kabad, Malama takan kawo yara su yi darasi kafin in goge. Ni ma kunnena ba a toshe yake ba."

Jami'ar ta tambayi ajin wa zai iya maimaitawa. Hannu arba'in suka tashi. Farfesa ya dubi makullin da ke ƙugunsa kamar bai taɓa ganinsa ba.

Aka ba makaranta izini. Allon ƙofar bai tafi a banza ba, don kafinta bai sa suna ba. Aka kafa shi, jami'ar ta zaɓi Malama, ta shiga ofis. Sai dai an tarar kan Marigayi fayau, babu ƙwaƙwalwa. Nan Farfesa ya farfaɗo. Ya kafa kwamitin bincike, ya naɗa kansa shugaba, ya ce a fara da masu shara.

Ana tsakiyar zaman kwamiti a rana ta uku matarsa ta yi sallama, da ƙullin leda a hannu. Ta ajiye a gaban Malama.

"Wajen wanki na tsince ta a aljihun maigida," ta ce. "Na ce bari in dawo muku da abarku. Kwana uku tana gidan, ban ga wanda ya neme ta ba."