Rasuwar Mas'uda Mai Jar Buta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fuskar da na rasa inda zan ɓoye ta, ni Malam Lado Maikasuwa, akawun ofishin gona a Kazaure, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Babura da Roni da Gwiwa rasuwar motata Mas'uda. Ta cika yau Talata da hantsi a gindin wata tsamiya, mil biyu da barin gari. Shekararta uku a hannuna. Na ɗauko ta daga Kano shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, fara sol, ko ledar kujerunta ban yarda an cire ba.

Marigayiya mai ladabi ce. Da safe takan ce "kirir, kirir" sau biyu kafin ta tashi, in ta ga akuya a hanya ta ce "fiim" a hankali don kada ta razana ta. Kuma na shaide ta da farin jini. Ranar farko na taɓa wani ɗan ƙarfe a gefen sitiyari, wata 'yar fitila shuɗiya ta kama a gabana. Na ga ta yi mata kyau kamar kwalli, sai na bar ta. Tun daga nan duk motar da muka haɗu da ita bayan magariba a hanyar Babura sai ta ƙifta mana fitila. Na ɗauka gaisuwa ce, nakan saki sitiyari in amsa da hannu biyu. Masu keke su sauka su faɗa gona suna rufe fuska, in ce tarbiyya ke nan. Wani direban babbar mota ya taɓa leƙowa ya ambaci iyayena gaba ɗaya, na ji daɗi ashe har baƙi sun san gidanmu. Sai yau Bartholomew bakanike ya gaya mini shuɗiyar nan alama ce na kunna dogon haske, wanda ake ragewa in an hango wani yana tahowa. Ina neman gafarar duk wanda na kashe wa ido cikin shekara ukun nan.

Ciwon ajalinta ya fara kwana tara da suka wuce. Ana kiran la'asar wata jar fitila ta kama, da hoton 'yar buta da ɗigo a bakinta. Hawaye ya zo mini. Na tsaya na yi alwala na yi salla, na tayar da ita, fitilar ta mutu. Ba wanda ban ba labari ba a ofis cewa motata tana tuna mini lokaci. Bayan kwana biyu ta koma kamawa da walaha da kuma tsakar rana, ni kuwa na yi ta jera nafila a bakin titi. Matata Dela ta ce, "Malam, ni fa gani nake motar nan ciwo take faɗa maka. Ka kai ta wurin Bartholomew." Na ce mata in ta gama da tukunyarta ta zo ta koya mini tuƙi. Wannan magana tana ci mini rai yanzu.

Ga abin da ya fi komai zafi. Mahaifiyata Inna Fatu shekara goma sha ɗaya rabonta da yayarta Abu da ke Gwiwa, ciwon ƙafa ya hana ta tafiya. Ranar da na sayi Mas'uda na yi alkawarin kai ta, kullum kuwa sai in ce Asabar mai zuwa. Jiya aka aiko cewa Abu na kwance, sunan Inna kawai take kira. Yau muka kama hanya. Butar ta kama, ta ƙi mutuwa. Na duba, ni ina da alwala, sai na gane ai marigayiya ce ke so. Na fito na wanke mata tayoyi huɗu, sau uku-uku, na fara da na dama. Ba mu yi nisa ba ta ce "ƙwal, ƙwal, ƙwal", ta ce "gau", hayaƙi ya tashi, shi ke nan. Inna tana baya da ƙullin daddawar tsaraba a cinya, ta ce, "Lado, mun iso ne?"

Bartholomew ya zo ya zaro ƙarfen awon mai, ya nuna mini shi a bushe ƙayau. Ya ce, "Malam, wannan ba buta ba ce, gwangwanin baƙin mai ne. Kwana tara tana roƙonka mai. Injin ya buga."

Ta bar safayar taya ɗaya da ba ta taɓa taka ƙasa ba, da jak, da rediyon da ba ya kama ko'ina sai Kaduna, da ni da na yi ajalinta da hannuna ina yabonta.

Za a jawo gawar zuwa bayan garejin Bartholomew ranar Juma'a bayan an sauko, da shanun maƙwabcina Daudu. Zaman makoki a ƙofar gidana, kwana uku. Masu zuwa da mota don Allah a rage haske tun daga kwanar kasuwa, kuma kada kowa ya zo mini da buta.

Wanda ya zo ta'aziyya gobe ba zai same ni ba. An kwance kujerar bayan marigayiya an ɗaure a kan amalanken Daudu, domin Inna ta rantse ba ta ƙara shiga abin da ke da fitila. Da an idar da asuba za mu tashi Gwiwa, ita a kan kujera, ni a ƙasa ina kora shanu. Na cire mata ledar.