Tsaraba a Kwalin Takalmi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai wa Laoban tsaraba ba. Laoban (haka muke kiran duk wani mai masana'anta a Guangzhou) dattijo ne mai kamfanin takalma, kuma kayan Sallar shagona na Kano a hannunsa suke. Yana ta ja mini rai, bizata kuwa tana ƙarewa.

Wata Lahadi ya ja ni dutsen Baiyun kallon tsuntsaye. Muna tsaye cikin yayyafi, ƙafafuna na zogi, sai ya damƙe hannuna yana nuna wata bishiya. Wani ɗan mitsitsin tsuntsu ne, bayansa shuɗi, bakinsa ja kamar barkono, goshinsa baƙi ƙirin. Yana saukowa jikin bishiyar kai a ƙasa, jela a sama, yana caccakar ɓawo. Idon dattijon har ya kawo ruwa. Ni kuwa tunanin gida na yi: babba ya nuna yana son abu, ai sai a kai masa.

Da na faɗa wa Yakubu tafintana, mutumin zangon Kumasi, niyyata, sai ya ce, "Alhaji, mutanen nan fa kallo kawai suke yi."

Na ce, "Yakubu, wa ka taɓa gani ya ƙi kyauta?"

Na sha yawo kafin na samo irinsa wurin wani mai sayar da tsuntsaye a lungu. Na sa shi a kwalin takalmi, na huhhuda murfin, na zuba masa geron kununa da na taho da shi daga gida (ashe ƙwari yake ci, ni ban tambaya ba). A jirgin ƙasa daga unguwar Xiaobei ina jin faratansa na karce kwalin, yana neman abin hawa. Can na ji shiru, na ce ya samu barci.

Na tarar da Laoban a ofis da abokansa na kallon tsuntsaye, ana shan shayi. Na miƙa kwalin da hannu biyu, baki har kunne. Ya buɗe. Tsuntsun na kwance kan geron, ƙafafu a sama.

Dattijon ya ciro hankici, ya naɗe gawar a hankali, ya fita da ita. Da ma zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Washegari na kira kan maganar kaya, sakatariyarsa ta ce, "Meiyou." Wato babu. Haka shagona ya ci Sallar nan wayam, amma wallahi tausayin tsuntsun ya fi asarar cin raina.

Yanzu in mutum ya nuna mini abin da yake so, hannuwana nake zubawa a aljihu, in ce Masha Allah, in yi gaba.