Wushiryar Inna Asta

"...da gajiyar mota? Ya mutanen Katsina?"

"Suna gaishe ki, amarya. Buɗe baki, lefe na kawo."

Nurain ke nan, jikan Inna Asta, mai aiki wurin likitan haƙori a Katsina. Haƙoran tsohuwar sun daɗe da zubewa, tun kafin rashin zaman lafiya ya taso su daga Tsaskiya su raɓe a ɗakin aro a Batsari. Kwanakin baya ya kai ta asibitinsu, aka zagaya mata wata 'yar na'ura mai haske cikin baki, hoton dasashinta ya fito a kwamfuta, inji ya sassaƙa haƙora daidai da shi. Yau ga su.

Ta saka, ta ɗauki madubi. Sun zauna daram, farare tas, jere reras. Ta daɗe tana kallo, ba ta ga kanta ba.

"Wanga bakin wa ne?"

"Na amaryata mana. Gobe samarin Batsari za su yi layi."

"Ɓarawo. Ina wushiryata?"

"Wace wushirya? Ni tun da na san ki ƙofar gari ce a bakinki, babur ma sai ya wuce da buhu."

"Ja'iri, kishi ne ya sa ka toshe ta. Don ita kakanka ya yi ta sintiri a ƙafa daga Babban Duhu, rani da damina. Kai ko goro ba ka taɓa kawo min ba."

"Da me za ki tauna? Kuma ba ni ba ne, kwamfuta ce. Dasashi ta tarar, shi ta auna."

"To makauniya ce, ta gado mai ita."

Ta cire haƙoran ta ajiye bisa faifai. Kewa ta taso mata. Malam Badamasi, mijinta, yana can kwance a maƙabartar Tsaskiya, gida ya zama kango, gona ta koma daji. Ta yi zaton ko fuskar da ya sani za a maido mata.

Nurain ya sassauta murya. "Ana iya buɗe ta, Inna. Amma inji awo yake so, ba labarin soyayya ba. Kin san faɗinta?"

Ta kwance bakin zanenta. Ɗan ƙullin irin gero ne na gonarsu, wanda ba ta rabuwa da shi. Ta tsamo ƙwaya ɗaya.

"Kakanka ya auna wata rana a masussuka. Ɗaya na shiga, biyu ba su shiga."

Nurain ya yi dariya, ya miƙa tafi. "Na sallama. Tsohon nan ya fi ni iya zance."

"Kai wa makauniyar taka," in ji ta. "In ta gama ka maido min abina. Iri ne, shuka shi zan yi in mun koma."